Ƙirjin 'Yata da Kaskon Turarena

Abu biyu na tafi da su daga gidanmu na Babura ranar da aka kai ni ɗakin miji a Kazaure, ban da gado da kwanuka: kwalin littattafan soyayya da na tara tun ina sakandare, da hannun haɗa turaren wuta. Littattafan ni na nemo wa kaina, wasu saye, wasu aron da masu su suka gaji da tambaya. Turaren kuwa Gwaggo ce ta koya mini, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara bakwai. Ta yi zaman aurenta na fari a cikin Barebari, can ta samo sanin, kuma ba kowa take koya wa ba. Ni ta zaɓa. Ina zaune gefenta take soya itacen sandal da sukari, ta daka kajiji, tana gaya mini cewa tun daga zaure ya kamata baƙo ya san akwai mace a gida.

Littattafan suka ƙarasa abin da Gwaggo ta fara. A cikinsu babu jarumar da mijinta zai dawo daga aiki ya tarar da ɗaki haka kawai. Sai ta yi wanka, ta zuba turare a kasko, ta rufe ƙofa da taga don ƙamshin ya kama labule da zanin gado, shi kuma yana shigowa ya lumshe ido. Na karanta irin wannan shafi ban san iyaka ba, kuma kowane lokaci sai in ji kamar da ni ake. Saboda haka da na samu nawa ɗakin, ciki da falo a wani gidan haya kusa da gindin dutse, kullum bayan la'asar sai in hura gawayi, in zuba turare, in rufe ko'ina ruf. Maigidana malamin gona ne, a kan babur yake yini tsakanin ƙauyukan Roni da Gwiwa, ya dawo da gumi da warin taki. Yana ɗaga labule sai ya lumshe ido, daidai yadda aka rubuta. Na ce a raina, ashe marubutan nan ba ƙarya suke yi ba.

Kafin shekara ta zagayo matan unguwa sun san ni. In za a kai amarya, wurina ake zuwa. In mace ta wuce ni a gidan suna sai ta juyo ta tambayi wa ke haɗa mini, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ni ce, zuciyata fal.

A shekara ta biyu na haifi 'yata. 'Yar fari ce, don haka ba na faɗin sunanta, haka aka tashe mu. A gaban manya ba na yi mata wasa, ba na nuna na damu da kukanta, "yarinyar nan" nake ce mata kamar 'yar maƙwabta. Sai mun rage mu biyu a ɗaki nake ɗora ta a ƙirjina in gaya mata duk kalaman da na haddace a littafi, waɗanda ban taɓa iya gaya wa ubanta ba.

Tana wata biyar, tsakiyar damina, mura ta bi yaran gidan ɗaya bayan ɗaya har ta iso kanta. Kwana biyu majina ce kawai da ɗan tari. A rana ta uku da hantsi ta ƙi nono. Ta kama, ta saki, ta buɗe baki tana neman iska. Na ɗaga rigarta na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja numfashi. Maƙwabciyata, mai 'ya'ya shida, ta leƙo ta duba sau ɗaya, ta ce in ɗauki mayafi, ita za ta kira maigidan a waya. Daga hanyar Roni ya juyo. Muka hau babur ana yayyafi, na lulluɓe ta a cikin hijabina ina jin ƙirjinta yana bugun nawa da sauri kamar na tsuntsu.

Kwana tara muka yi a asibiti. Aka sa mata siririn tiyo a hanci ana ba ta oksijin. Likitan, wani matashi mai magana a hankali, ya ce ƙwayar cuta ce ta bairas, irin wadda ke sa babba mura ya warke cikin mako, amma a jariri takan sauka cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu ta kumbura su. Ya ce babu allurar da ke kashe ta, taimakon yarinyar za a yi da iska da abinci har jikinta ya ci ƙarfin ciwon. A littattafaina asibiti shafi biyu ne. Jaruma ta suma, a ɗauke ta a mota, likita ya ce a daina ɓata mata rai, ta buɗe ido ta ga masoyinta a gefen gado. Ni kuwa a kan kujerar roba na zauna ina tatsar nono a kofi, ana zuba mata ta tiyo kaɗan-kaɗan. Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga ƙauyensu na Roni ta shimfiɗa tabarma a baranda. A gabanta ban zubar da hawaye ko sau ɗaya ba. In ya taho mini sai in ce zan je alwala.

Ranar sallama likitan ya tambaye mu da me muke girki. Muka ce itace. Ya ce a nisanta ta da murhu, kada a goya ta ana hura wuta, kada mai shan taba ya zauna kusa da ita. Ya ƙara da cewa wasu yaran da suka kwanta da wannan ciwo ƙirjinsu kan daɗe bai koma daidai ba, don haka in mun ji wani sauti a numfashinta mu dawo. Na riƙe maganarsa da hannu biyu. Muna isa gida na sa aka ɗauke murhuna daga bakin ƙofa aka kai shi can ƙarshen tsakar gida, kusa da makewayi, inda babu macen da ke son girki. Sannan, saboda warin asibiti ya kama mana kaya har da gashin kanta, na ɗauko turaren da ya fi kowanne, wanda Gwaggo ta haɗa mini da hannunta na aure nake ta adana shi. Na rufe taga da ƙofa, na kwantar da yarinyar a tsakiyar gado, na zauna ina kallon hayaƙin yana tashi a hankali yana zagaya ta. Na tuna abin da na raya a lokacin: an zo shafin ƙarshe, kowa ya koma gida lafiya.

Bayan wata biyu ta sake yin mura, a nan na fara jin sautin da likita ya faɗa. Wani siririn fito ne, kamar iska na bi ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba, yana fita duk sanda ta saki numfashi. Muka koma, aka ba ta magani, ya lafa. Ya sake dawowa. Daga nan ya zama ɗan gida. Murar da yaran maƙwabta za su yi kwana uku suna wasa da ita a hanci, ita sai ta sauka mata ƙirji ta yi mako biyu. Kafin ta cika shekara uku an sake kwantar da mu sau biyu. Aka rubuta mata maganin shaƙa, aka nuna mini yadda zan huda gindin gorar ruwa ta roba in cusa bakin maganin, ita kuma ta kama bakin gorar ta ja a hankali. Ba ta kai sa'o'inta jiki ba. In yara suna tsere a tsakar gida, sai ta bi su taku goma ta tsaya ta dafa gwiwa, daga baya ma ta daina bi, ta koma zama a dokin ƙofa tana ba su umarni.

Babu abin da ban yi ba. Na hana ta ruwan randa, sai mai ɗumi. Ina sa mata rigar sanyi ana zafin bazara. Inna ta kawo man shanu da zuma, na ba ta. Wata ta ce a shafa mata man habbatus sauda a ƙirji, na shafa. Har ana ba da misali da ni a unguwa, wai a je a ga yadda ake kula da yaro mai ciwo. Kuma kullum bayan la'asar ina hura gawayina, in rufe tagogi da kyau, har ina jin daɗin cewa iska ma ba za ta shigo ta taɓa ta ba.

Wadda ta gano abin wata ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa mai furfura a gaban goshi, da ke auna yara kafin su ga likita. Ran nan ta ɗaga yarinyar za ta ɗora ta a sikeli, sai ta tsaya ta shinshina wuyan rigarta. Ta ce kai, wannan ƙamshi ba na kasuwa ba ne, wa ke haɗa mini? Na sunkuyar da kai yadda na saba na ce ni ce. Ta yaba, ta ce rabonta da jin irinsa tun bikin ƙanwarta. Sai ta tambayi yadda nake yi har yake kama kayan yara haka. Ni kuma baki ya buɗe. Na gaya mata komai, da lokacin da nake sawa, da yadda nake toshe ƙasan ƙofa da tsumma, da yadda nake barin kayan yarinyar a kan igiya cikin ɗakin, ita kanta tana kwance tana barcin la'asar. Ina cikin bayani na lura ta daina murmushi.

Ta sauke yarinyar, ta jawo kujera ta zauna har gwiwarta tana taɓa tawa.

"Ƙanwata, kullum?"

"Kullum, Anti."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sallame mu."

Sannan ta ce in saurare ta da kyau, ba turarena ne ya sa wa yarinyar ciwo ba, kada in tafi gida da wannan a zuciya. Ciwon farko ne ya bar mata hanyoyin iska da saurin fushi, kamar fatar da ta ƙone ta warke, abin da ba zai dami wani ba ita sai ya tayar mata. Hayaƙi kuwa, mai daɗin ƙamshi da marar daɗi, duk ɗaya ne a wurin huhu. Ta ce ita ma tana da kasko a gida, ba za ta ce mini abu ne mai sauƙi ba. Amma in gwada kwana arba'in, kamar na jego, in ga abin da Allah zai yi.

A hanyar gida ban hau babur ba, da ƙafa na tafi da yarinyar a baya. Kunya ce ta fara kama ni, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar duk wanda ya wuce ya san abin da ya yi. Bayanta sai tsoro, kuma zan faɗi gaskiya, ba na yarinyar kaɗai ba ne. Duk abin da na sani game da riƙe miji a cikin kaskon nan yake. Ban taɓa karanta labarin macen da ɗakinta ba ya ƙamshi kuma aka ci gaba da son ta ba.

Da la'asar ban hura gawayi ba. Na buɗe tagogin duka biyu, na zauna a bakin gado kamar mai jiran hukunci. Maigidana ya ɗaga labule ya shigo da idonsa a buɗe. Ya duba hagu da dama, ya tambaya ko lafiya. Na gaya masa yadda muka yi da ma'aikaciyar jinyar, ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama ya juya yana kallon yarinyar tana wasa da murfin kwano. Can sai ya ce, "To ai ni shekara biyar ke nan ina shigowa ɗakin nan idona yana yaji. Na ɗauka haka aure yake."

Na ɗago na dube shi. Na ce, wato lumshe idon nan da yake yi?

Ya ce, "Hayaƙi ne, uwargida. Amma da daɗi."

Na yi dariya har na koma kuka, shi kuma ya rasa wanne zai lallasa. Washegari da kansa ya sauke labulaye, na jiƙa su a baho. Ruwan farko da ya fita kamar shayin da aka manta a wuta. Sai da na sake ruwa huɗu. Na tsaya ina kallon ruwan yana bin kwata, ina tunanin shekara biyu da rabi wannan ne yake shiga ƙirjin da bai kai tafin hannuna biyu ba.

Kwana arba'in suka cika ba ta yi fito ba. Na ce wataƙila dace ne. Aka shiga wata na uku ta yi mura, ta sauka ƙirji kamar kullum, amma kwana huɗu ta tashi, ba mu je asibiti ba. Ba warkewa ta yi ba, kada in ƙara gishiri. Har yau in damina ta kankama ko ta yi gudu da yawa, fiton yana zuwa. Likita ya ce wasu yaran suna barinsa in sun girma, wasu ya zame musu asma, kuma ba wanda zai iya rantsuwa ko ciwon farko ne ya jawo shi ko dama ƙirjinta mai rauni ne shi ya sa ciwon ya kayar da ita. Amma tun daga ranar da na fitar da kaskon ba a sake kwantar da mu ba. Na daina haɗa wa mutane ma, don suyar kanta hayaƙi ce. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce likitoci sun juya mini kai. Na bar su.

Mutum ɗaya ce na kasa gaya wa, Gwaggo. Duk sallah sai ta aiko mini da turare a kwalba daga Babura, in karɓa in ce an gode, in sa a ƙasan akwati. In za mu je gaishe ta sai in san dabarar da yarinyar za ta yini a waje wurin 'ya'yan maƙwabta. Yaya zan dubi matar da ta raine ni in ce abin da ta fi alfahari da shi, wanda ta zaɓe ni ta ba ni, shi ne ke shaƙe jikarta? Kuma a kan wa? A kan 'yar fari, wadda ko sunanta bai kamata a ji a bakina ba. A wurinmu uwar da ta tsaya gaban babba tana kare ɗanta na fari ta zubar da tarbiyyar gidansu. Shekara uku ina wannan ɓoyo.

Yarinyar tana shekara shida Gwaggo ta zo Kazaure a duba mata ido, ta sauka a wurinmu za ta yi mako. Tun a ranar farko ta zauna a falo ta ɗaga hanci, ta ce ɗakin nan kamar na gwauro, me ya same ni? Ta buɗe jakarta ta fito da ɗan kaskonta na tafiya, wanda ba ta rabuwa da shi. Na durƙusa, maganar tana bakina, sai na ji na ce gawayi ne ya ƙare. Ta dube ni da idon da ke gani.

Washegari da la'asar na tafi kemis karɓo mata maganin ɗigawa. Ina dawowa, tun daga zaure na ji shi. Sandal da kajiji, haɗin hannun Gwaggo, wanda ko a mafarki na ji zan gane. Shekara uku rabona da shi, kuma ba zan ɓoye ba, sai da zuciyata ta yi wani irin tsalle na murna kafin tsoro ya biyo baya. Na shiga da gudu.

Tagogina a rufe. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. A gindin darbejiyar tsakar gida kuwa ga yarinyar zaune a kan turmi, da kayan Islamiyya a jikinta, ta miƙe bayanta yadda aka koya mata. Gorar robar tana bakinta. Ta danna maganin da kanta, tana ja a hankali, tana lanƙwasa yatsun hannun hagu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga numfashi. Da ta kai biyar ta sauke gorar, ta jira, ta girgiza maganin, ta sake. Ta gan ni, ta ɗaga mini hannu alamar in dakata ba ta gama ba. Ni da nake yi mata wannan tun tana goye, ban san ta iya shi ita kaɗai ba.

Maƙwabciyata ce ta ba ni labarin abin da ya faru daga baya, don a wurinta Gwaggo ta ɗebi garwashi, ita kuma ta ji nauyin hana tsohuwa. Ta ce yarinyar ta dawo daga makaranta ta yi sallama ta shiga, ta durƙusa ta gaida Gwaggo a cikin hayaƙin har ta gama gaisuwar, ba ta yanke ba. Sannan ta ce, "Gwaggo, turarenki da daɗi, amma ƙirjina ba ya so. Zan zauna a waje har ya fita." Ta ɗauki jakar maganinta a ƙusa ta fito. Gwaggo ta biyo ta tana cewa wane irin iyayi ne wannan, sai ta ji fiton.

Na ajiye ledar hannuna na durƙusa a gaban Gwaggo a nan tsakar gida, matan gidan suna leƙe. Na gaya mata komai tun daga kwana taran asibiti. Ban ɗago kai ba har na gama.

Ta ce, "Shekara nawa da kika daina?"

Na ce uku.

"Shekara uku ina ɗaure kwalba ina ba direba, kina aiko mini da an gode."

"Na ji nauyi ne, Gwaggo. 'Yar fari ce."

"Sunanta aka hana ki faɗa. Wa ya hana ki faɗin ciwonta?"

Ta juya ta shiga ɗakin tana lalube, na yunƙura zan taya ta, ta ce in zauna. Da kanta ta fito da kaskon a hannu, ta kai shi bakin kwata, ta ɗebi ruwa a buta ta zuba masa. Ta ce a buɗe tagogi. Ba ta sauka daga kan maganarta gaba ɗaya ba, ba halinta ba ne. Tana wanke hannu tana cewa ita yara tara ta raina a cikin wannan hayaƙi babu wanda ya yi ko atishawa, yaran yanzu ne kamar da takarda aka yi su. Amma ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da turmin, ta kai kunnenta saitin ƙirjin yarinyar ta daɗe tana saurare. Ta karɓi gorar ta jujjuya ta, ta tambayi wa ya koya mata ƙirgan nan. Yarinyar ta ce ai kullum tana gani.

Gwaggo ta ce, "To ke ƙawata, wane miji ne zai zauna da ke ba turare?"

Yarinyar ta yi ɗan tunani, muryarta ba ta gama dawowa ba. Ta ce, "Mai ciwon ƙirji irina."

Matan gidan suka fashe da dariya, Gwaggo ta riƙe haɓa tana cewa a zo a ga bakin da aka ce ba shi da numfashi. Ni ina durƙushe inda nake. Bisa al'ada bai kamata a ga komai a fuskata ba, don haka na sunkuyar da kai ina gyara bakin zane. Amma duk yabon da aka taɓa yi wa turarena a gidajen biki, in an tara shi, bai kai abin da na ji a wannan la'asar ba.

Gwaggo ta ƙarasa makonta ba ta sake neman garwashi ba. Yanzu in za mu je Babura sai in yi waya kwana biyu kafin nan, ita kuma ta kashe kaskonta ta shanya labule, tana mita har mu iso.

Bana yarinyar ta cika shekara goma. Da aka yi hutu bayan girbi, Inna ta aiko a ba ta ita ta yi mata kwana goma a ƙauye, ta ga 'yan maruƙan da aka haifa. Ba ta taɓa kwana ko ɗaya ba tare da ni ba. Ƙauyen ba shi da asibiti kusa, kuma can da kara ake girki. Na kwana uku ina neman dalilin hanawa, maigidana ya ce in tambayi mai ƙirjin. Na tambaye ta. Ta lissafa mini abin da za ta yi: in ana girki za ta koma bayan gida wajen shanu, za ta shaƙi maganinta na safe ko ba ta jin komai, in fiton ya zo ta shaƙi na gaggawa sau biyu bai sauka ba za ta sa baffanta ya kira babanta, ba za ta jira dare ba. Ban sami abin ƙarawa ba.

Na raka su tasha ita da ƙanwar babanta. Motar ta kusa cika, saura tsakiya. Ina shirin yi wa direba magana sai na ji ta riga ni. Ta gaida wani dattijo da ke zaune a bakin taga, ta ce, "Baba, don Allah ko za ka bar mini wajen iska? Ina da ciwon ƙirji." Dattijon ya dube ta, ya tattara babbar rigarsa ya matsa ciki.

Kwana goma sha biyu ta yi, don Inna ta ƙara biyu. Ta dawo ta yi baƙi, da ɓawon ciwo a gwiwa, wai ɗan maraƙi ta bi da gudu ya ja ta ƙasa. Tun kafin ta cire takalmi ta miƙo mini jakar maganin ta ce sau biyu kawai ta buƙaci na gaggawa, ɗaya ranar da aka ƙona kara a gonar maƙwabta, ɗaya ranar maraƙin. Na tambaye ta ko ta kama shi. Ta ce ta kama shi.